Jak Ɗin Da Baban Kansila Ya Jefa Kwata

Akwai wani dattijo da aka yi a Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, ana ce masa Malam Dabo. Ku yi mini uzuri masu bibiyar wannan shafi, duk ranar da na ɗauko labarinsa sai na ji raina yana tafasa, don haka yau ba da sanyin murya zan ba ku shi ba.

Malam Dabo tsohon malamin gona ne. Yana da wani tsohon babur baƙi mai salansa biyu, wanda ya saya tun mulkin farar hular da aka yi kafin sojoji su sake karɓewa. Da shi ya zaga ƙauyuka har ya ajiye aiki. Son da yake yi wa babur ɗin nan ya wuce misali. Matarsa ma takan ce da babur ɗin yana cin tuwo, to shi za a fara zuba wa kafin yara.

Aibin babur ɗin ɗaya ne, ba ya iya tsayuwa da kansa. Jak ɗin tsakiya, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake takawa a kafe babur, tsatsa ta cinye shi ya karye. Na gefe kuwa tun a wata hanyar ƙauye ya faɗi ba a sake ganinsa ba. Sai dai a jingina shi da bango.

To, bangon wa?

Bangon gidan Malam Dabo shafen siminti ne, ba ya so a kuje masa shi. Amma a ɗaya gefen lungun akwai wani bangon ƙasa a ƙarƙashin inuwar bishiyar bedi. Nan ya zaɓa.

Bangon na ɗakin Inna Sabuwa ne, wata tsohuwa da idanunta suka tafi. Tana zaune da 'yarta Furera, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana murza taliya tana sayarwa suna ci. A jikin wannan bango, daga ciki, gadon Inna yake. Gadon ƙasa ne da marigayi mijinta ya gina mata da hannunsa, mai ramin zuba garwashi a ƙasa saboda ciwon sanyin da take fama da shi. Ba gado ne da za a ɗaga a kai wani ɗaki ba. Wani ɗakin ma babu shi, sai wata 'yar rumfar girki da take yoyo.

Da jinginawa kawai yake yi, da da sauƙi. Kullum safiya ta Allah sai Malam Dabo ya fito da bokiti da soso da sabulu, ya wanke babur ɗin nan tun daga fitila har taya, yana jingine a wurin. Ruwan wankin duk a gindin bangon yake kwanciya. Hannun babur ɗin kuwa ya ƙwaƙule rami a jikin bangon, wanda kaza za ta iya shiga ta yi ƙwai. A hankali gindin bango ya fara zaizayewa yana zubo da gari.

Furera ta daɗe tana haɗiye abin. Mutumin sa'an mahaifinta ne, ga maƙwabtaka ta kaka da kakanni.

Sai ga shekarar da sojoji suka koma bariki, aka dawo mulkin farar hula. Mudassir, babban ɗan Malam Dabo, ya ci kansila. Daga ranar sunan Malam Dabo ya ɓace a unguwa, ya koma Baban Kansila. Aka shafe gidansa da sabon fenti, aka jera bencina a ƙofa, masu neman taki da masu neman aiki suka mayar da wurin wajen yini. Tafiyarsa ma ta canza, sai ka ce shi aka rantsar.

Kun san al'adar masu gidan ƙasa, kafin damina ta faɗi ake yaɓe. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a shafe bango, a bi shi da makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Sabon yaɓe kuwa sai an bar shi ya sha iska ya bushe, ba a taɓa shi.

Furera ta yi magana da magini, sannan ta yafa mayafi ta je ta durƙusa a gaban Malam Dabo. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiyar jama'a, ta yi masa murnar kujerar da Allah Ya ba ɗansa. Sannan ta ce:

"Baba, dama gobe za a yi mana yaɓe. Shi ne na ce ko za a ɗan sama ma babur wani wuri, har ƙasar ta bushe."

Ko kallonta bai yi ba.

"Wane wuri? Ke Hurera, shekara nawa nike aje shi nan? Bangon ya taɓa kai ƙara?"

"A'a Baba, gindin ne ya ci. Ruwan wankin ne ke jiƙa shi."

"To lungu dai na gwamnati ne. Gwamnati kuwa kin san hannun wa take yanzu."

Masu zaman benci suka bushe da dariya. Furera ta tashi idonta ya ciko, ta koma gida.

Washegari magini ya yi aikinsa tsaf, bango ya fito sumul. Da la'asar Malam Dabo ya dawo daga wani taron siyasa, ya sauka, ya jingina babur a jikin ɗanyen yaɓen nan hankalinsa kwance. Da safe kuma ya fito da bokitinsa. Kafin hantsi yaɓen gindin bangon ya saɓule ya zube kamar ɓawon dafaffen rogo.

Furera ta kai kuka wurin mai unguwa. Shi kuwa yana da buƙatar da ya kai wa kansila bai ji amsa ba tukuna, sai ya tsaya yana shafa gemu yana cewa a yi haƙuri, maƙwabtaka ce. Wallahi wannan haƙurin da ake ɗora wa mai rauni shi kaɗai, shi ya fi komai ƙona mini rai a labarin nan. Duk lungun suna gani, kowa ya ja bakinsa ya yi gum.

Mutum ɗaya ne ya motsa. Sunansa Elijah, bakanike ne mutumin Kagoro, yana haya a ƙarshen lungun, rumfarsa tana bakin titi. Matarsa Deborah ta je sayen taliya ta tarar da Furera tana murzawa tana hawaye, ta dawo ta gaya masa.

Elijah ya tashi tsam. Ya shiga wajen 'yan gwangwan yana tona tarkace, har Allah Ya haɗa shi da jak irin na babur ɗin, da sifirin ɗinsa, wato murɗaɗɗen ƙarfen da yake mayar da jak sama. Ya kankare tsatsar, ya shafa masa baƙin fenti, ya fito kamar sabo. Ya riƙo shi da murnarsa ya nufi ƙofar Baban Kansila, a lokacin wurin cike yake da mutane.

Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, na samo maka jak. Kyauta ne. Ka riƙe mini babur ɗin kawai, yanzu-yanzu in sa maka."

Malam Dabo ya karɓa yana jujjuya shi a hannu.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baba. Bangon Maman Zulai na gani, ga damina ta kawo kai."

Maman Zulai ita ce Furera, da sunan 'yarta Elijah yake kiranta. Jin haka sai fuskar dattijon ta murtuke.

"Au! Ashe taron dangi aka yi mani! Kai, ka san ko mi ka riƙo? Babur ɗin da ban taɓa sa mashi ƙarhen da ba na kamfani ba, shi za ka liƙa ma kayan bola? Ni uban kansila, a gaban jama'a, za a kawo ma sadakar ƙarhe don a hwaranta ma mai taliya?"

Ya ɗaga hannu ya wurga jak ɗin cikin kwata. Baƙin ruwa ya fantsalo har kan rigar Elijah. Masu benci suka sake dariyar nan tasu ta neman gindin zama.

Elijah ya naɗe ƙafar wando, ya shiga kwatar, ya lalubo jak ɗin. Ya tafi da shi rumfarsa ya ɗauraye, ya rataye a ƙusa.

Damina ta faɗi, kuma ta zo da ƙarfi a shekarar. Wata safiya Inna Sabuwa ta shafa bango daga kan gadonta, ta kira 'yarta.

"Hurera, bangon ga shina gumi. Ga kuma tsaga nan, yatsana na shiga."

Furera ta duba, ta ga haske yana ratsowa ta tsagar. Ta leƙa waje, sai ga Malam Dabo a duƙe da sosonsa, kumfa tana gangarawa gindin bango. A ranar ne haƙurinta ya ƙare. Ta fito ko mayafin kirki babu, ta sa ƙafa ta kifar da bokitin.

"Baba, ka ji tsoron Allah! Uwata ce kwance bayan bangon ga! Makauniya ce, in ya taso ba ta iya gudu! Mi muka yi maka? Ga bangonka can, ka jingina mana!"

Mata suka leƙo ta katanga. Malam Dabo ya miƙe yana huci.

"Ni kika zubar ma ruwa? Lalle ba ki da kunya! To bari ki ji, nan zan aje shi yau, nan zan aje shi gobe. In bangon ya hwaɗi, kansila ya gina maku na bulo. Ai gaba ta kai ku!"

Ya aika aka sake ɗebo masa wani ruwan.

Daga ranar Furera ta riƙa fito da Inna tsakar gida tana yini a tabarma, don dai ta rage zaman ɗakin. Ta samo itace ta tokare bangon daga ciki. Iyakar abin da ƙarfinta ya kai ke nan.

Ranar da abin zai faru, tun hantsi ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida ta cika, rumfar girki tana zuba ta ko'ina. Sanyi ya kama Inna har haƙoranta suna haɗuwa. Ba yadda Furera ta iya, ta zuba garwashi a ramin gado, ta kwantar da ita ta lulluɓe ta. Ta fita da gudu don ta buɗe magudanar da ta toshe, kada ruwa ya shigo ɗakin.

Tana duƙe a bakin magudana ta ji rugugi a bayanta.

Gindin bangon ne ya saki. Bangon ya kife waje ya danne babur, rufin ɗakin kuma ya rufto ciki da azara da ƙasa, daidai kan gadon Inna.

Furera ta ƙwalla ƙara, "Inna! Wayyo Inna! Jama'a ku kawo ɗauki!"

A daidai lokacin Malam Dabo ya fito daga zaurensa ba hula ba takalmi. Ya ga tulin ƙasa inda babur ɗinsa yake. Ya ɗora hannu a ka, ya buɗe murya yadda duk lungun suka ji:

"Babur ɗina! Wayyo babur ɗina! Ku zo ku ciro mani babur!"

Ku sake karanta wannan layin. Mutum yana ƙarƙashin ƙasa, shi ƙarfe yake kira.

Elijah ne ya fara isowa da shebur, maza suka biyo shi. Da suka kusa gadon suka ajiye shebur suka koma tono da hannu, ruwa yana dukansu. Malam Dabo yana can ɗaya gefen shi kaɗai, yana yaye ƙasa daga kan tankin mai.

Aka ciro Inna Sabuwa da ranta, amma azara ta faɗa mata a ƙugu. An kai ta asibiti, an dawo an kira mai ɗori, duk an yi. Ƙashin tsufa bai haɗu ba. Matar da take lalube ta kai kanta banɗaki, ta zauna ta taya 'yarta tsinke taliya, ta koma sai an kwantar sai an tayar.

Mudassir ya ji maganar ta fara zaga gari, ya ji tsoron kada ta kai gidan rediyo. Nan da nan aka sauke bulo da siminti, aka tayar da ɗaki, aka kawo gadon ƙarfe da katifa. Alkawarin Baban Kansila ya cika, an gina masu na bulo. Sai dai gadon ƙarfe ba shi da ramin garwashi, Inna tana kwance a kai tana rawar ɗari.

Shi kuma babur, da aka tono shi, sai aka rasa inda za a jingina shi. Mutanen lungun nan da suka yi shiru a da, yanzu kowa bakinsa ya buɗe. Duk bangon da Malam Dabo ya nufa sai mai gidan ya fito ya ce ba a nan ba. Ya tura shi ya nufi bangon gidansa, sai Mudassir ya tare shi.

"Haba Baba, kada ka ɓata hwentin nan mana. Baƙi na zuwa."

Haka babur ɗin ya kwanta a tsakiyar lungu kamar mushen jaki, awaki suna hawa suna sauka.

Da abin ya ishe shi, wata rana ya ja ƙafa ya je rumfar Elijah. Ya daɗe a tsaye yana kame-kame, sannan ya ce da ƙaramar murya:

"Iliya, ƙarhen nan... shina nan?"

Elijah ya miƙa hannu ya sauko da jak ɗin daga ƙusa. Ya ɗauki sifana da filaya da giris da wani gwangwani, suka taho lungun.

"Sai ka ɗaga shi ka riƙe, Baba. Ni zan shiga ƙasa."

Suka tayar da babur ɗin, Malam Dabo ya riƙe shi a tsaye da hannu biyu. Elijah ya kwanta a ƙasa, ya bubbuge guntun tsohon jak ɗin da ya maƙale ya cire. Ya goge wurin, ya shafa giris, ya daidaita sabon, ya zura ƙarfen da yake ratsa tsakiya, ya sa 'yar ƙusar da take hana shi zamewa ya lanƙwashe bakinta da filaya.

Saura sifirin, shi ne mai taurin kai. Elijah ya buɗe gwangwanin nan, cike yake da tsofaffin kwabbai waɗanda ko alewa sun daina saye. Ya riƙa lanƙwasa sifirin ɗin yana cusa kwabo a tsakanin zobbansa, hagu da dama, har ya ƙara tsawo ya kai inda ake maƙala shi.

Gumi ya fara tsatstsafo wa Malam Dabo.

"Ashe haka shike da nauyi," in ji shi.

Elijah ya maƙala sifirin. Ya fito ya karɓi babur ɗin, ya taka jak, ya ja shi baya. Kwabban suka zubo ƙasa, babur ya hau ya tsaya cak a tsakiyar lungu, bai taɓa bangon kowa ba.

Ashe Furera tana tsaye a ƙofar gida tun ɗazu, da kwanon wankin zannuwan Inna a hannunta. Ta dubi babur ɗin, ta dubi Elijah.

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan, Maman Zulai."

"An gama?"

"An gama."

Ta ajiye kwanon a ƙasa. 

"Baba, lokacin da kuka hwara na ɗora ruwan wankan Inna a wuta. Wallahi ko tahwasa bai yi ba. Wanga ɗan aikin, shi ne ka ƙi? Don wanga uwata ta kwanta?"

 Don ya kauce wa idonta sai Malam Dabo ya hau babur ɗin ya buga kiki. Shiru. Ya sake bugawa, ya sake, har numfashinsa ya sarƙe. Elijah ya duƙa ya nuna masa wata doguwar tsaga a jikin injin, inda bangon ya daka shi, laka ta cika ciki ta bushe.

"Wannan ba zai tashi ba, Baba. Irin injin nan an daina kawo shi."

Da yammacin ranar Malam Dabo ya yi sallama a gidan Furera, karo na farko tun da abin ya faru. Furera ta ƙi amsawa, Inna ce ta ce a bar shi ya shigo. Ya durƙusa a gaban gadon ƙarfen nan, ya cire hula.

"Sabuwa, na cuce ki. Ki yahe mani."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. 

"Na yahe maka, Dabo, don ni ma ina son Allah Ya yahe mani. Amma bari in gaya maka abu guda. Sanda nike ƙarƙashin ƙasa, ban suma ba. Ina jin kowa. Na ji muryarka ta hi ta kowa ƙarhi, har na ce alhamdu lillahi, ga Dabo nan ya kawo ɗauki. Sai na saurara da kyau, na ji abin da kake kira."

Malam Dabo ya tashi ya fita yana dafa bango.

Babur ɗin ya yi shekara da shekaru a ƙofar gidansa, a tsaye ƙyam a kan jak ɗin da ya taɓa jefawa kwata. Bai sake tashi ba, shi kuma bai sake wanke shi ba. Mudassir bai koma kujerarsa ba, bencina suka watse, fenti ya koɗe. Inna Sabuwa kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

Darasi: Duk nauyin da yake naka, ka ɗauke shi da kanka, kada ka jingina shi a kan maƙwabcinka don ka ga ba shi da mai tsaya masa. Idan aka nuna maka ɗan gyaran da zai hana wani cutuwa, ka karɓa ko daga hannun wa ya fito, domin girman kai na ɗan lokaci yana jawo ɓarnar da bulo da siminti ba sa gyarawa. Ku kuma masu gani ku yi shiru don wanda yake zaluncin yana da ɗa a kujera, ku sani da ku aka kayar da bangon. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila akwai wani Malam Dabo a lungunku da bangon maƙwabcinsa bai faɗi ba tukuna.